Filin Sana'a: In Tsohuwar Manhaja Ta Ce Lasisinka Ya Ƙare

 

A wannan fitowar za mu juya wajen samarinmu da 'yan matanmu masu sana'ar tace bidiyo, musamman waɗanda ke yi wa hoto siddabaru da kwamfuta. Su ne masu sa sunan ango da amarya ya taso daga cikin hayaƙin zinariya, su sa walƙiya ta fito daga hannun ɗan wasa, ko su ɗauke mutum daga gaban koren ƙyalle su ajiye shi a bakin teku. Yau da wuya a yi biki ko suna ko walimar sauka ko tarbar alhazai a zangonmu ba a nemi ɗaya daga cikinsu ba, kuma gidaje da dama da wannan sana'a suke ɗora tukunya.

To, akwai wata matsala da ke addabar waɗannan bayin Allah. Mutum zai buɗe manhajar da ya shekara yana aiki da ita, sai ta tare shi da saƙo cewa lasisinsa ya ƙare, ko ta ce ya shiga asusunsa. Ya rubuta imel da kalmar sirri daidai, ta yi ta juyi, can ta dawo da shi inda ya fara. Ga aikin mutane a ciki, ga an karɓi kafin alƙalami, ga dangin amarya na ƙasar waje suna bugo waya. A cikin wannan ruɗani ne wasu ke goge kwamfutar gaba ɗaya, wasu su sake biyan kuɗin da sun riga sun biya, wasu kuma su ruga wajen masu manhajar sata. Abin da muke so mu nuna shi ne, sau da yawa wannan saƙo ba shi da alaƙa da kuɗi. Tsohuwar manhajar ce ta kasa yin magana da kamfanin da ya yi ta, kuma wanda ya san inda maganar ke yankewa zai iya gyarawa ba tare da ya yi asara ba.

DAGA SAYE ZUWA HAYA

A da, manhaja a cikin kwali take zuwa, da faifanta da wata doguwar lamba. Ka shigar da lambar, shi ke nan, ta zama taka kamar yadda keken ɗinki ke zama na tela. Masu tsada daga cikinsu sukan zo da ɗan makulli da ake soka wa kwamfuta, in yana jiki manhaja ta buɗe, in an zare ta rufe. Daga baya aka shigo da tsarin da sai manhaja ta buga wa kamfani gaisuwa ta intanet sau ɗaya a ranar da aka saka ta.

Babban canjin ya zo ne daga kamfanin Adobe na Amurka, mai manhajar After Effects wadda mafi yawan yaranmu suka koyi siddabaru da ita. A 2012 ya fito da jerin CS6, wanda shi ne na ƙarshe da ake saye a mallaka, a shekarar kuma ya buɗe tsarin Creative Cloud na biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. A watan Mayu na 2013 ya ba da sanarwa cewa duk sabon abin da zai fitar nan gaba sai ta wannan hanya. Kamfanin Autodesk, mai Maya da 3ds Max, ya daina sayar da lasisin mallaka na yawancin kayansa a 2016. Maxon na Jamus ya ɗaura Cinema 4D a kan asusu tun daga fitowar R21 a 2019, sannan a 2020 ya haɗe da Red Giant, masu Trapcode da Magic Bullet, su ma suka bi sahu.

Kada mu yi wa tsarin rashin adalci. Yaron da ba zai taɓa iya tara kuɗin manhaja a dunƙule ba, yanzu yana iya biyan wata ɗaya ya yi aiki ya fitar da kuɗinsa. Sai dai wanda ke biyan wata-wata ɗan haya ne, makullin gida yana hannun mai gida, mai gidan kuma yana wata ƙasa. Ga shi da kuɗin waje ake lissafin hayar, wanda duk ya ga yadda sidi ya faɗi a gaban dala a 2022 ya san ma'anar wannan.

YADDA SHIGA ASUSU KE AIKI

Idan ka rubuta imel da kalmar sirri, manhajar takan aika su zuwa babbar kwamfutar kamfani. Can za a duba a ga ko ka biya, in ka biya a aiko wa kwamfutarka wani ɗan tikiti a ɓoye, mai ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa, kamar dai tikitin da mai tebur ke yanka a kasuwa. Da wannan tikiti manhajar ke buɗewa ko da babu intanet. Kafin ya ƙare, ita da kanta takan koma ta karɓo sabo ba tare da ka sani ba.

A ƙa'idar da Adobe ya wallafa, manhajarsa takan nemi tabbatar da lasisi duk kwana 30. Mai biyan shekara yana iya kaiwa kwana 99 babu intanet, mai biyan wata-wata kuwa kwana 30 ne iyakarsa. Na Autodesk shi ma yana bukatar a haɗu da intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30.

Ke nan abu biyu ne ke iya ƙarewa: kuɗin hayar da ka biya, da kuma tikitin da ke cikin kwamfutarka. Ita manhaja ba kullum take bambanta su ba. In ta je karɓo sabon tikiti ta tarar da hanya a toshe, sai ta yi shiru har tsohon ya ƙare, rannan ta ce maka lasisi ya ƙare, alhali kuwa kuɗinka na nan har wata takwas a gaba. Shi ya sa matsalar kan bayyana makonni bayan ainihin abin da ya jawo ta, mutum ya rasa me ya taɓa.

ME YA SA TSOHUWA TA FI SHAN WAHALA?

Wani zai ce, to su koma sabuwa mana. Ai ba don son tsufa ake riƙe da tsohuwa ba. Yawancin kwamfutocin da ke shagunanmu na hannu ne, an gama cin moriyarsu a Turai ko Amurka kafin su sauka a Tema. Sabuwar manhaja tana son ƙwaƙwalwa mai yawa da katin hoto mai ƙarfi da sabon Windows. Bayan haka, ayyukan shekaru da ƙananan manhajojin da ake liƙa wa babbar duk a kan tsohuwar aka gina su. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma ita wannan zuma tana da hanyoyi uku da takan lalace.

Hanya ta farko ita ce harshe. Kwamfutarka da ta kamfani suna magana ne da wani harshen sirri da ake kira TLS, don kada wani ya saci kalmar sirrinka a hanya. Harshen yana da zamani-zamani: na 1.0 ya fito a 1999, na 1.1 a 2006, na 1.2 a 2008, na 1.3 kuma a 2018. Da aka gano raunin biyun farko, manyan manhajojin shiga intanet suka watsar da su a 2020, a 2021 kuma aka yi musu ritaya a hukumance. Kamfanoni suka bi, suka daina amsa duk wanda ya yi musu sallama da tsohon harshe. Tsohuwar manhaja tana ƙwanƙwasa ƙofa da harshen da ta iya, na ciki sun yi kunnen uwar shegu.

Hanya ta biyu ita ce hatimi. Kamar yadda wasiƙar sarki ke zuwa da hatimi don a san ba ta jabu ba ce, haka kwamfutar kamfani ke nuna takardar shaida mai hatimin wata hukuma da aka amince da ita. Kowace kwamfuta tana ajiye da jerin hatiman da ta sani, kuma kowane hatimi yana da ranar mutuwarsa. A ranar 30 ga Satumba, 2021, wani tsohon hatimi mai suna DST Root CA X3 ya ƙare, wanda hukumar Let's Encrypt ta daɗe tana jingina da shi, ita kuwa miliyoyin shafuka take ba shaida. Na'urorin da suka riga suka karɓi sabon hatimi, ISRG Root X1, ba su ji komai ba. Tsofaffin da aka daina sabuntawa kuwa suka wayi gari suna ƙin shafukan da jiya suke buɗewa. Kusa da wannan akwai wata damuwar: tagar da kake rubuta kalmar sirri a cikinta ƙaramin shafin intanet ne da aka dasa a jikin manhaja. In kamfani ya sake fasalin shafinsa na shiga, tsohuwar tagar takan kasa nuna shi, sai ka ga fari fat babu ko rubutu.

Hanya ta uku ita ce mafi muni, wato kamfani da kansa ya rufe ƙofar. A watan Disamba na 2012 Adobe ya kashe kwamfutocin da ke tabbatar da lasisin CS2, amma ya ba waɗanda suka saya wani kwafi da ba ya bukatar tabbatarwa. A 2017 na CS3 ma aka kashe su. A watan Mayu na 2019 ya aika wa masu haya wasiƙa cewa ba su da izinin ci gaba da amfani da wasu tsofaffin fitowa, ya kuma taƙaita abin da ake iya saukewa ga manyan fitowa biyu na baya-bayan nan. Autodesk ya daina ba da lambar kunnawa ga fitowar 2010 da na gabaninta daga ƙarshen Agusta na 2019. HitFilm, wadda matasa da yawa suka fara koyo da ita saboda akwai ta kyauta, kamfanin FXhome na Ingila ne ya yi ta. Artlist ya saye shi a 2021, a watan Janairu na 2025 kuma aka naɗe tabarmarta. Har siyasa kan shigo ciki. A watan Oktoba na 2019 Adobe ya sanar da mutanen Banizuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin gwamnatin Amurka, sai da ya samo izini na musamman aka fasa.

MATAKAN BINCIKE

Ga yadda muke ba da shawarar a bi abin, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Kafin komai, a kwafe ayyukan da ke cikin kwamfutar zuwa wani faifai na waje, da fayil ɗin aikin da ɗanyen bidiyon duka. Sannan a ɗauki hoton saƙon da manhaja ta nuna da waya, musamman in akwai lamba a jikinsa, don za a neme ta daga baya.

Na farko, a duba asusun daga wata na'ura dabam. Ka shiga shafin kamfanin ta wayarka ka ga abin da aka rubuta. Shin hayar tana raye? Yaushe za ta ƙare? Sau da yawa katin banki ne wa'adinsa ya cika, ko bankin ya ƙi sakin kuɗin waje, mutum bai lura da imel ɗin gargaɗi ba. Wani kuma imel biyu gare shi, ya biya da ɗaya yana ta shiga da ɗayan. Lasisin ɗalibai shi ma wa'adi gare shi, in ba a sake kawo shaidar makaranta ba yakan tsaya. In shafin ya nuna ba ka biya ba, bincike ya ƙare, sai a nemi kuɗi. In ya nuna ka biya, to laifin yana tsakanin kwamfutarka da kamfani, kada ka sake biyan ko sisi.

Na biyu, a duba agogon kwamfuta: rana da wata da shekara, da kuma yankin lokaci. Wannan shi ne abin da aka fi rainawa, kuma shi ya fi kama mutanenmu. A cikin kwamfutar tebur akwai wani ɗan batir mai kamar tsabar kuɗi, lambarsa CR2032, wanda ke riƙe agogo in an ɗauke wuta. In ya tsufa, duk lokacin da wuta ta tafi sai agogon ya koma shekarun baya. Mu da muka ga dumsor a 2015 ba sai an gaya mana yadda wuta ke wasa da na'ura ba. Kwamfutar da ke zaton tana 2010 za ta ƙi takardar shaidar da aka rubuta bana, don a ganinta lokacin takardar bai yi ba. A gyara ranar, a sa yankin lokaci a kan GMT wanda shi ne namu a Gana, domin wadda aka kawo daga waje takan zo da lokacin ƙasar da ta fito. In agogon ya sake komawa baya, a canza batirin, kuɗinsa kaɗan ne.

Na uku, a ƙirga na'urori. Adobe, alal misali, yana barin mutum ya shiga a kwamfuta biyu, amma ya yi aiki a ɗaya a lokaci guda. In an sake saka Windows ko an canza uwar allon kwamfuta, kamfani kan ɗauke ta sabuwa ce, ita kuwa tsohuwar tana nan a lissafi ta tare gurbi. A shafin asusu akwai inda aka jera na'urorin, a cire waɗanda aka daina amfani da su.

Na huɗu, a fita daga asusun a cikin manhaja, a kashe kwamfutar a kunna, sannan a sake shiga. Wannan yakan zubar da lalataccen tikiti ya karɓo sabo. In bai yi ba, a sabunta ƙaramar manhajar da ke kula da lasisi ita kaɗai, wato irin su Creative Cloud ko Maxon App, domin sau da yawa ita ce ke magana da kamfani a madadin babbar. Amma a yi hattara. A cikin ta Adobe akwai zaɓin da ke goge tsofaffin fitowa in an sabunta, a cire alamar da ke kansa, a kuma kashe sabuntawar da take yi da kanta. Wanda ya bari aka goge masa tsohuwar After Effects, mai yiwuwa ba zai sake samun ta a shafin kamfani ba.

Na biyar, a duba hanya. A gwada haɗa kwamfutar da intanet ɗin waya maimakon wanda aka saba. In akwai VPN a kashe shi, a kuma duba ko manhajar tsaro ce ta hana ta fita. Sannan akwai wani ɗan fayil mai suna hosts, wanda a Windows yake zaune a C:\Windows\System32\drivers\etc. Masu fasa manhaja sukan rubuta sunayen kwamfutocin kamfani a cikinsa don kada manhajar sata ta kai ƙara gida. In ka sayi kwamfuta ta hannu wadda wani ya taɓa saka mata irin wannan, kai da ka biya kuɗinka halal za ka tarar da hanya a toshe. A buɗe fayil ɗin, in an ga layuka masu sunan kamfanin a cire su. Wanda bai saba ba ya nemi mai gyara ya tsaya a kansa.

Na shida, a duba Windows ɗin kansa. Windows 7 ya iya TLS 1.2, amma ga manhajoji da yawa a kashe yake har sai an saka gyaran da Microsoft ya fitar mai lamba KB3140245, an kuma kunna shi. Sauran gyare-gyaren da aka tsallake su ma a saka su, don ta nan sababbin hatimai ke shigowa. Sai dai a sani Microsoft ya janye hannu daga Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, daga 8.1 a Janairun 2023, tallafin Windows 10 na gama-gari kuma ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Duk wanda ke kan waɗannan ya san lokacinsa ƙidayayye ne.

Na bakwai, a rubuta wa kamfani. A haɗa rasit, da lambar fitowar manhaja, da irin Windows, da hoton saƙon nan da aka ɗauka, a kuma faɗi matakan da aka riga aka bi. A yi musu tambaya biyu ƙarara: shin har yanzu kuna kunna wannan fitowar? In kun daina, akwai hanyar kunna ta ba da intanet ba? Wasu kamfanonin suna da hanya ta biyu. SideFX na Toronto, mai Houdini, ban da shiga asusu yana da tsarin da ake girka lasisin a jikin kwamfuta. Wanda bai tambaya ba, ba za a gaya masa ba.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Kada a mayar da agogo baya da gangan don a yaudari tikiti. Wasu tsare-tsaren lasisi suna gane hakan, in sun gane kuwa sukan kulle gaba ɗaya, a tashi daga ƙaramar matsala a faɗa babba. Kada a goge Windows tun ba a bi matakan nan ba, domin in ƙofar kamfani ce ta rufe, tsohuwar manhajar da ke zaune a kwamfutar ita ce kaɗai ta rage maka, in ka goge ba za ta sake kunnuwa ba.

A kuma yi hankali da masu tallan asusu mai arha a WhatsApp da Facebook. Galibi suna cusa sunanka ne cikin jerin wata makaranta ko wani kamfani da ba ka sani ba, ranar da aka tace jerin sai a fitar da kai, babu wanda za ka kama. Araha ba ta ado. Ita kuwa fasasshiyar manhaja, ban da haƙƙin masu ita da malamanmu za su yi magana a kai, tana yawan zuwa da ɓarawo a ciki, mai satar kalmomin sirri ko mai ƙulle fayiloli ya ce sai an biya fansa. Kwamfutar da ke ɗauke da bidiyon matan mutane da 'ya'yansu ba wurin yin irin wannan caca ba ce.

IN ƘOFA TA RUFE BAKI ƊAYA

Idan amsa ta zo cewa an daina kunna fitowarka, abin da ya rage shi ne ceton aiki. Sabuwar After Effects tana buɗe aikin tsohuwa, tsohuwa ce ba ta buɗe na sabuwa. Saboda haka a nemi abokin sana'a mai lasisi mai rai, a kai masa aikin da dukan kayansa, a ƙarasa a wurinsa a sallami mai biki. Ranar irin wannan ce ake gane amfanin zaman lafiya da maƙwabcin shago.

Bayan an fita daga ƙangi, sai a zauna a yi tunanin gaba. Akwai manhajojin da ba su da wannan tsari na haya. DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya tana da fitowa ta kyauta, tun 2018 kuma aka dasa mata Fusion a ciki, wadda aikinta ke nan siddabaru. Babbar fitowarta sau ɗaya ake saye, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi. Akwai Natron, kyauta ce kuma ba ta da nauyi sosai. Akwai kuma Blender, wadda a 2002 jama'a suka yi karo-karo suka fanshe ta, aka sake ta ga kowa, ba asusu ba tikiti. Mai ganin kayan kyauta ba ya abin kirki, ya sani da Blender aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane a 2025. Gaskiya ne tsofaffin ayyukanka ba za su buɗu a cikinsu ba, kuma sai ka koma ɗalibi na 'yan watanni. Amma mai sana'ar da ya iya manhaja biyu, rufewar ƙofa ɗaya ba ta zaunar da shi.

RIGAKAFI

Ga 'yan ɗabi'u da za su rage wannan wahala. A rubuta ranar ƙarewar haya da ta katin banki a jikin kalanda. A riƙa haɗa kwamfutar aiki da intanet ko da sau ɗaya a mako, a buɗe manhajar ta sabunta tikitinta, musamman kafin tafiya ƙauye ɗaukar biki, da kuma kafin lokacin cunkoso irin na bayan Sallah da dawowar alhazai. A ajiye fayil ɗin saka manhaja da rasit da lambobi a wuri biyu. Duk aikin da aka gama a fitar da shi a bidiyo mai inganci, ɗaya da rubutu ɗaya babu, a adana tare da ɗanyen, domin bidiyon da aka riga aka fitar babu lasisin da zai hana shi buɗewa.

Iyaye masu saya wa yaro kwamfuta don ya kama sana'a, ku tambayi mai sayarwa ko manhajar da ke ciki da sunan wa aka yi mata rajista, kuma wa zai biya in ta nemi kuɗi. Ƙungiyoyin matasa na zango kuma, da za ku ware rana ɗaya a wata wanda ya iya Blender ko Resolve ya koya wa 'yan'uwansa, da an rage dogaro da makullin da ke hannun wasu.

Muna tuna wa masu wannan sana'a cewa abin da ke cikin kwamfutocinsu amana ce. Manhaja ana iya canza ta, kwamfuta ana iya sayen wata, amma ɗaurin aure sau ɗaya ake yi, kuma dattijon da ya yi addu'a a wurin suna bara, wataƙila wannan bidiyon ne kaɗai ya rage wa jikokinsa su ji muryarsa. Duk matakin da za a ɗauka, a fara da tsare wannan.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko ta hannun edita, za mu amsa gwargwadon hali. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.